Ziyarar Dzong na Punakha a Ƙasar Butan: Amsa ga Ɗalibi Mai Shirin Tafiya

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne ina karatu a Indiya, kuma ni da abokaina biyu muna so mu yi amfani da hutun da ke tafe mu leƙa ƙasar Butan. Na ga hoton wani katafaren farin gini a tsakanin koguna biyu, ana ce masa Punakha Dzong. Wani ya ce mini sansanin yaƙi ne, wani kuma ya ce wurin bautar mabiya addinin Buda ne. Don Allah wanne ne gaskiya? Me ake bukata kafin a je, kuma yaya Musulmi zai yi wannan ziyara ba tare da ya saɓa wa addininsa ko ya ɓata wa masu wurin rai ba?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Idan na fahimce ka, abubuwa uku kake nema: ka san ainihin ko mene ne wannan gini, ka san hanyar isa gare shi da abin da za ta ci, sannan ka san yadda za ka riƙe kanka a cikinsa a matsayinka na baƙo kuma Musulmi. Aikina shi ne nazarin tsofaffin gine-gine da yadda ake gyara su, kuma wannan aiki ya kai ni Butan sau biyu, sau ɗaya a watan Oktoba, sau ɗaya a ƙarshen Afrilu, duka biyun kuma na kwana a kwarin Punakha. Iyakar tafiyata ta fuskar gabas ita ce Trongsa, saboda haka abin da zan faɗa maka na gani da ido ya tsaya ga yammaci da tsakiyar ƙasar.

Mutanen nan biyu da suka yi maka bayani duk gaskiya suka faɗa, sai dai kowannensu gefe ɗaya ya riƙe, kuma akwai gefe na uku da suka bari. Dzong, wanda furucinsa ya yi kusa da "zong", gini ne guda da ya haɗa kagarar tsaro da gidan 'yan zuhudu na addinin Buda da kuma hedkwatar mulkin gunduma. Butan tana da gundumomi 20, kuma a mafi yawansu har yau ma'aikatan gwamnati na zaune a ɓangare ɗaya na dzong, 'yan zuhudu kuma suna kwana suna karatu a ɗaya ɓangaren. Sunan harshen ƙasar ma, Dzongkha, ma'anarsa harshen da ake yi a dzong. Idan ka riƙe wannan, sauran dokokin ziyara za su zo maka da sauƙi, domin shiga Punakha ya fi kama da shiga fadar sarki ranar da ake zaman fada, fiye da shiga kufai ko gidan adana kayan tarihi.

Yadda aka yi aka gina su

Kusan duk manyan gine-ginen dzong na Butan suna komawa ne ga mutum ɗaya, Ngawang Namgyal, wanda aka fi sani da laƙabin Zhabdrung. An haife shi a Tibet a 1594, a gidan da ke shugabantar ɗariƙar Drukpa ta addinin Buda a Ralung. Mabiya wannan addini sun yi imani cewa babban malami idan ya mutu yakan dawo a jikin wani jariri, kuma an samu saɓani a kan wanda ya gaji wani mashahurin malami mai suna Pema Karpo ta wannan hanya. Sarkin yankin Tsang ya goyi bayan abokin takarar Ngawang Namgyal, zama ya gagara, sai a 1616 ya ƙetara duwatsu ya yi kudu zuwa kwaruruwan da a yau ake kira Butan. A lokacin babu wata ƙasa guda a wurin, kowane kwari da masu faɗa a ji nasa, ga kuma wasu ɗariƙu da ba su yi maraba da baƙon ba.

Saboda haka abokan gabarsa iri biyu ne, na cikin gida da rundunonin da suka riƙa biyo shi daga Tibet, waɗanda suka kawo hari sau da dama a cikin shekara talatin da suka biyo baya. Maganin da ya yi wa matsalar shi ne ya dasa kagara a kowane wuri da ke riƙe da hanya. Ya fara da Simtokha a 1629, a inda hanyoyin Paro da Punakha da Thimphu, babban birnin ƙasar a yau, suka haɗu. Punakha ya biyo baya a 1637 zuwa 1638, sai Wangdue Phodrang a 1638, sai na Paro a tsakiyar shekarun 1640, sai Drukgyel a 1649, wanda sunansa ke nufin nasarar 'yan Drukpa. A cikin waɗannan ganuwowi ya zaunar da tsarin mulki mai kai biyu: Je Khenpo yana riƙe da al'amuran addini, Desi kuma yana riƙe da haraji da shari'a da yaƙi. Wannan rabon aiki shi ne za ka gani a zahiri a tsarin ginin, farfajiyar mulki daban, ta addini daban, hasumiya a tsakani.

Bahaushen da ya karanta tarihin Daular Sakkwato ba zai ji wannan tunani baƙo ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi a bakin iyakoki domin tsaro da karantarwa su zauna wuri ɗaya, shi da kansa ya zauna a Wurno, can kuma aka binne shi a 1837. Bambancin shi ne ribaɗi gari ne mai ganuwa da iyalai da gonaki, dzong kuwa gini ne tilo, kuma masu zuhudun da ke cikinsa ba sa aure.

Wani abu da zai nuna maka yadda ƙasar ta dogara da wannan mutum shi ne abin da ya faru da mutuwarsa. A 1651 ya shiga halwa a cikin dzong na Punakha, can kuma ya rasu, amma manyan ƙasar suka ɓoye labarin fiye da shekara 50, suna ci gaba da fitar da umarni da sunansa, don gudun kada ƙasar ta wargaje ko Tibet ta samu ƙofa. Gawarsa tana nan ajiye har yau a wani ɗaki na farfajiya ta uku, Machey Lhakhang, inda sarki da Je Khenpo da masu kula da ɗakin kaɗai ke shiga. Kada ka roƙi jagoranku ya nemar maka izinin leƙawa, za ka jefa shi cikin kunya ne kawai.

Abin da za ka tarar a Punakha

Cikakken sunan ginin Pungthang Dewa Chenpoi Phodrang, wato fadar babban farin ciki. Yana zaune a kan wani harshen ƙasa inda Pho Chhu da Mo Chhu suka haɗu, kogin namiji da kogin mace, a tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku. Tsawonsa ya kai kimanin mita 180, faɗinsa kimanin mita 72. Yawancin dzong a kan tudu ko hancin dutse suke, amma wannan ruwa ne ke tsaronsa ta ɓangare biyu. Shi ne mazaunin gwamnatin ƙasar har tsakiyar shekarun 1950 da aka koma Thimphu. A cikinsa aka naɗa Ugyen Wangchuck sarkin Butan na farko ranar 17 ga Disamba 1907, a cikinsa kuma sarki na biyar, Jigme Khesar Namgyel Wangchuck, ya yi bikin aurensa a watan Oktoba 2011.

Za ka isa ta wata gadar katako mai rufi a kan Mo Chhu, wadda aka sake ginawa aka kammala a 2008 bisa salon gargajiya: ana jera gungumai daga kowane gaɓa, kowane sahu ya ɗara na ƙasansa tsawo, har hannayen biyu su kusanci juna a ɗora tsakiya. Ina ba ka shawara ka ɗan tsaya a ƙarshen gadar kafin ka hau, ka kalli masu shiga. A zuwana na farko na tsaya a nan na ga wani dattijo manomi, da alama wata takarda ta kawo shi ofishin gunduma, ya ajiye jakarsa a ƙasa, ya zaro wani dogon farin mayafi mai tuntu, ya yafa shi daga kafaɗar hagu zuwa kwiɓin dama, ya gyara ninkinsa da natsuwa, sannan ya fuskanci matakala. Wannan mayafi shi ake kira kabney, kuma babu namiji ɗan ƙasa da zai shiga dzong ba tare da shi ba. Launinsa ke faɗin matsayin mutum: fari na talakawa, ja na waɗanda sarki ya ba sarautar Dasho, kore na alƙalai, ruwan lemo na ministoci, rawaya kuwa na sarki ne da Je Khenpo kaɗai. Wanda ya san yadda ake gane ɗan sarki ko mai sarauta ta naɗin rawaninsa zai fahimci abin nan take.

Matakalar shiga ta katako ce, a miƙe take ƙwarai, kuma da gangan aka yi ta haka, domin an tsara ta yadda za a iya janye ta idan abokan gaba sun iso, a rufe ƙatuwar ƙofar da ke samanta. Ka ɗaga kai kafin ka hau, za ka ga manyan saƙar zuma na rataye a ƙarƙashin rufin, ba wanda yake taɓa su. A zauren shiga bango cike yake da zane. Akwai sarakuna huɗu masu gadin kusurwoyin duniya a aƙidarsu, akwai kuma da'irar rayuwa, wadda a tsakiyarta aka zana zakara da maciji da alade suna cizon wutsiyar juna, alamar kwaɗayi da ƙiyayya da jahilci, abubuwa ukun da addinin Buda ke ɗauka su ne tushen wahalar ɗan Adam. Jagora mai kyau zai ɗauki minti goma a gaban wannan zane, kuma ya cancanci a saurare shi, domin a nan ne za ka fi saurin gane abin da mutanen ke nufi da addininsu.

Farfajiya ta farko ta mulki ce, akwai farar kubba da itacen bodi, wanda mabiya addinin Buda ke girmamawa, a tsakiyarta, ofisoshi kuma sun kewaye ta a benaye biyu masu baranda. Daga nan sai hasumiyar tsakiya, utse, mai hawa shida. Farfajiya ta biyu masaukin 'yan zuhudu ce. A ƙarshen ta uku akwai babban ɗakin taronsu, mai ginshiƙai 54 da aka lulluɓe da ado mai ruwan zinariya, da manyan mutum-mutumi uku na Buda da Zhabdrung da Guru Rinpoche, malamin da suke ɗauka shi ya yaɗa addinin a ƙasar, bangonsa kuma ɗauke da tarihin rayuwar Buda daga haihuwa zuwa mutuwa.

A matsayina na mai nazarin gini, abin da ya fi riƙe ni shi ne bangon waje. Na dutse ne da ƙasa, an shafe shi da farar ƙasa, yana da kauri sosai a gindi, yana kuma sirancewa yana jingina ciki yayin da yake hawa, kamar yadda maginanmu ke yi wa katangar tubali. Ƙasan bangon ba shi da taga sam, sai can sama ake fara ganin tagogin katako masu ado, saboda kada mai hari ya samu mashiga. Jan ɗamarar da ta kewaye ginin daf da rufi ita ce alamar cewa gini na addini ne, za ka riƙa ganinta ko'ina a ƙasar. Rufin kuma a ɗage yake bisa ginshiƙai, iska na wucewa ta ƙarƙashinsa. A al'adance ba a zana taswirar dzong a takarda, ba a kuma buga ƙusa, katako ne ake sassaƙawa ya shige cikin ɗan'uwansa ya cije. Na taɓa zama kusan awa guda ina kallon wani kafinta yana gyaran wata baranda, ya sassaƙe bakin azara, ya gwada, ya cire, ya ƙara shafta kaɗan, har sau huɗu, kafin ya buga ta da guduma ta katako ta zauna ba ko motsi.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake ganin ya kamata ka sani don kada a yi maka ƙarin gishiri. Ba duk katakon da za ka gani ne na 1637 ba. Gobara ta ci Punakha sau da yawa, girgizar ƙasa ta 1897 ta yi masa ɓarna, sannan a watan Oktoba 1994 wani tafkin narkakkiyar ƙanƙara a can saman duwatsu ya ɓalle, ruwan ya gangaro ta Pho Chhu, ya hallaka kimanin mutum 20, ya kuma lalata wani ɓangare na harabar. Haka abin yake a sauran wurare: na Paro ya ƙone a 1907, Drukgyel a 1951, Wangdue Phodrang a watan Yuni 2012, kuma sai da aka shafe shekara goma kafin a kammala sake gina shi. Dalilin a fili yake, gini ne cike da busasshen katako, ana kunna fitilun man shanu da turaren wuta a cikinsa dare da rana, daga baya aka ƙara masa wayar lantarki, ga shi da ƙofa ɗaya da aka yi don ta hana shiga. Wasu masana na ganin sake gini yana rage wa wuri daraja. Ni ban yarda da haka ba, kuma abin da na gani a gine-ginenmu na ƙasa ne ya koya mini. Soron da aka daina yi wa yaɓe damina biyu ko uku ke kayar da shi, wanda kuwa ake yaɓewa duk shekara yakan wuce jikoki ko da babu ƙasar farko a fuskarsa. Butan ta riƙe sana'o'inta na gargajiya goma sha uku, da makarantar koyar da su a Thimphu, shi ya sa duk lokacin da wuta ta ci dzong ake samun hannun da zai mayar da shi yadda yake.

Hanya da kuɗi da lokaci

A nan ne nake so ku zauna ku yi lissafi tun kafin ku sa rai. Butan ta buɗe ƙofarta ga masu yawon buɗe ido ne a 1974, kuma tun daga lokacin manufarta ita ce baƙi su zo kaɗan amma su biya da yawa. Kowane baƙo yana biyan harajin raya ƙasa na kowane dare da ya kwana. A watan Satumba 2022 an kai shi dala 200, a Satumba 2023 aka rage shi zuwa dala 100, ga kuma dala 40 na biza. 'Yan Indiya suna biyan rupi 1,200 ne kawai a dare, kuma wannan yakan ruɗi ɗalibanmu, su ɗauka tunda a Indiya suke zaune rangwamen ya shafe su. Fasfo ake dubawa, ba inda mutum yake karatu ba. Wannan haraji kuma bai haɗa da masauki da abinci da mota da jagora da kuɗin shiga dzong ba. Tafiyar da za ta kai ku Punakha ku dawo ba tare da gaggawa ba tana bukatar aƙalla dare huɗu, wato dala 440 kowannenku kafin a fara maganar tikiti da otal. Waɗannan dokoki sukan canza, don haka ku tabbatar da farashin ranar daga hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar kafin ku biya kowa. Ku kuma duba bizarku ta karatu ku tabbatar tana ba ku damar fita Indiya ku dawo, ku riƙe katin rigakafin zazzaɓin shawara tare da fasfo.

Ta sama, kamfanoni biyu ne ke zuwa Paro, Drukair da Bhutan Airlines, daga birane irin su Delhi da Kolkata da Kathmandu. Filin jirgin yana cikin kwari a tsayin kimanin mita 2,200, da rana kawai ake sauka, kuma hazo ko iska kan jinkirta tashi, don haka kada ku sa dawowarku daf da ranar komawa aji. Ta ƙasa kuma ana shiga ta garin Phuentsholing da ke iyaka da jihar Bengal ta Yamma, daga nan mota ta hau da ku Thimphu. Daga Thimphu zuwa Punakha tazarar ba ta wuce kilomita 70 da 'yan kai ba, amma takan ci awa biyu da rabi zuwa uku, saboda hanyar sai ta hau mashigar Dochula mai tsayin kimanin mita 3,100, inda aka jera kubbobi 108, sannan ta gangara da kwana-kwana. Mai jin jiri a mota ya sha magani tun kafin a tashi. Ciwon tsayi, wato ciwon kai da haki da ke kama mutum a saman duwatsu, yakan fara ne daga wajen mita 2,500, kuma tunda a Dochula tsayawa kawai za ku yi ku wuce, Punakha kuma a ƙasa take, ba na jin zai dame ku. Amma ku riƙe rigar sanyi, domin za ku iya barin Dochula kuna rawar ɗari ku iske zafi a bakin kogi.

Game da lokaci, ku guji Yuni zuwa Agusta, damina ce mai ƙarfi, zaftarewar ƙasa kan toshe hanya, gajimare kuma ya rufe duwatsu. Oktoba da Nuwamba sun fi sararin sama mai haske, kwarin kuma ya yi rawaya da shinkafa ta isa yanka. A ƙarshen Afrilu zuwa Mayu itatuwan jakaranda da ke jikin bangon suna fitar da fure mai launin shuɗi-shuɗi, wataƙila ma hoton da ka gani na wannan lokaci ne. Amma idan abin da kuke so shi ne ku ga ginin cike da masu shi, to ku zo da hunturu, domin Je Khenpo da babbar tawagar 'yan zuhudu sukan sauko daga Thimphu su yi wajen wata shida a Punakha saboda ɗuminta. A watan Fabrairu ko Maris, bisa kalandarsu ta wata, ana yin bikin da ake kwaikwayon yaƙin 1639. Abin da suke ruwaitowa shi ne rundunar Tibet ta zo ƙwato wani abu mai tsarki a wurinsu, Rangjung Kharsapani, da Zhabdrung ya taho da shi daga Ralung, sai ya fito bakin Mo Chhu ya yi kamar ya jefa shi a ruwa, maharan suka ga abin da suka zo nema ya tafi, suka juya. Har yau mazajen ƙauyukan yankin ne ke sa kayan mayaƙa suna maimaita wannan rana.

Yadda za ka riƙe kanka

Ba a shiga dzong sai da jagora mai lasisi. Sutura kuwa ba za ta ba Bahaushe wahala ba, domin abin da ake nema shi ne dogon wando da riga mai dogon hannu, kaftani ya wadatar. Abin da zai zo maka baƙo shi ne hula: a wurinsu cire ta ne girmamawa, don haka a bakin matakala za ka cire ka sa a jaka. Ana ɗaukar hoto a farfajiya, amma an hana a cikin ɗakunan ibada, inda kuma ake cire takalmi. Duk kubba ko ɗakin ibada da za ka kewaya, ka bar shi a hannunka na dama. Ba a nuna mutum-mutumi da yatsa ɗaya, sai da buɗaɗɗen tafi, ba a kuma miƙe ƙafa ta fuskarsa idan an zauna. Za ka ga yara 'yan zuhudu cikin jajayen kaya suna hadda da ƙarfi suna rangaji, ka nemi izini kafin ka ɗauke su hoto.

Hukuncin shiga wurin ibadar wani addini magana ce ta malamai, kuma ni ba malamin fiƙihu ba ne, don haka ka tambayi malamin da ka amince da shi kafin ka tashi. Abin da zan iya ba ka shi ne bayanin abin da ke faruwa a ciki, don ka kai masa tambaya cikakkiya. Ba a tilasta wa baƙo komai. Jagoranku, idan mabiyin addinin ne, zai yi sujada sau uku da shigarsa ɗakin ibada, ku kuma kuna tsaye a gefe. Wani lokaci mai kula da ɗakin yakan zo da buta ya zuba wa mutane ruwan tabarruki a tafi, su kurɓa su shafa sauran a ka. Ni tun a mota na gaya wa jagorana cewa ni Musulmi ne, zan shiga in duba gini da zane, amma ba zan rusuna ko in karɓi ruwan ba. Ya ce babu komai, kuma da muka shiga shi ya yi wa mai butar bayani da harshensu, mutumin ya yi murmushi ya wuce. Wanda kuma zuciyarsa ba ta natsu da shiga ɗakin ba, zai iya tsayawa a farfajiya, kuma mafi yawan abin da na bayyana maka na gini daga nan ake ganinsa. Salla kuwa ku yi ta a masauki ko a wani fili a hanya, kada ku shimfiɗa darduma a cikin dzong, kuma kada ku dogara da samun masallaci. Alƙibla a can yamma take, kamar yadda kuka saba a Indiya.

Akwai abu biyu da gara ka ji su daga gare ni. Na farko, a ƙauyukan kwarin Punakha, musamman hanyar wurin ibada na Chimi Lhakhang, ana zana al'aurar namiji a bangon gidaje da shaguna, al'ada ce da suke dangantawa da wani malami mai suna Drukpa Kunley, suna ɗaukarta kariya daga baki da maita. Masu shirya tafiya sukan sa wurin a jadawali, kuna iya cewa a cire muku shi. Na biyu, kayan gargajiyar da za su burge ka suna da tarihi mai ɗaci a wani gefe. A 1989 gwamnati ta wajabta su ga kowa, kuma wannan na cikin matakan da suka haifar da rikici da 'yan kudancin ƙasar masu magana da harshen Nepal, har fiye da mutum 100,000 suka ƙare a sansanonin gudun hijira a Nepal. Magana ce mai nauyi a can, kada ka matsa wa jagora a kanta.

Abinci shi ne inda za ku fi bukatar lura. Ana cin naman alade sosai, sauran naman kuma yawanci daga Indiya ake shigo da shi, ba za ku san yankansa ba. Ni ganye na tsaya a kai duk zamana, kuma ban ji yunwa ba: jar shinkafa, da miyar wake irin ta Indiya, da dankali da cuku, da ema datshi, wato barkono da aka dafa da cuku, wanda a wurinsu barkonon shi ne miyar kanta. Ku ce a dafa muku da man gyaɗa ko man shanu, ban da kitse. Shayinsu na man shanu da gishiri, suja, babu abin ƙi a cikinsa, amma abin shan da suke kira ara, wanda ake miƙa wa baƙo a gidaje, giya ce. Za a kuma iya miƙo maka doma, ƙwallon wani itace da ake naɗewa a ganye da 'yar farar ƙasa, yana rina baki ja, matsayinsa a wurinsu kamar na goro ne a wurinmu, ana ba da shi don gaisuwa da girmamawa. Yana sa wanda bai saba ba jiri da gumi, don haka ka sa hannu biyu ka yi godiya ko da ba za ka tauna ba.

Idan lissafin kuɗin ya fi ƙarfinku, akwai mafita a cikin Indiya kanta, ba tare da wata biza ba. A Ladakh akwai gidajen zuhudu da aka gina a kan duwatsu kamar Thiksey, a kwarin Spiti kuma akwai Key, wanda hare-hare suka sa aka yi ta ɗora ɗaki bisa ɗaki har ya zama kamar kagara. Garin Leh yana da al'ummar Musulmi da masallacin Juma'a tun ƙarni na 17, don haka salla da abinci za su yi muku sauƙi. Sai dai Leh tana kan mita 3,500, Key ya haura mita 4,000, a nan ciwon tsayi gaskiya ne, dole ku huta kwana biyu da isarku kafin ku fara hawa ko'ina, wasu yankunan kuma baƙo sai da takardar izini. Abin da ba za ku samu a can ba shi ne haɗuwar ofis da gidan zuhudu a gini ɗaya da har yanzu ke aiki.

Idan kuwa Allah ya nufa kuka isa Punakha, ku roƙi jagora ya ware muku aƙalla awa biyu a ciki, domin yawancin jadawali awa ɗaya suke bayarwa. Ku shiga da safe a ranar aiki, lokacin da mutanen gunduma ke hawa da takardunsu, sannan da la'asar ku koma gaɓar Mo Chhu ta ɓangaren hanyar mota, inda rana ke bugun farin bangon, daga nan ne ake ganin tsawon ginin gaba ɗaya tare da gadarsa.